Dukan da ba ya barin tabo: shari'ar Sally Challen

Ranar Asabar 14 ga Agusta, 2010, a wani gida da ke ƙauyen Claygate a yankin Surrey, kudu maso yammacin Landan, wata mata mai shekara 56 ta soya wa mijinta ƙwai da naman alade ta ajiye masa a tebur. Yana tsakiyar ci ta zaro guduma daga jakarta ta hannu, ta sauke masa a ka fiye da sau 20. Ta lulluɓe gawar da tsofaffin labulaye, ta ɗora 'yar takarda a kai tana cewa tana ƙaunarsa, ta ja ƙofa ta tafi. Washegari ta sauke ɗanta a wurin aiki, ta kama hanyar Beachy Head, wani tsauni mai tsawo a bakin teku wanda ya yi ƙaurin suna saboda masu zuwa su faɗa daga kansa. Sai da wani malamin coci da 'yan sanda suka kwashe sa'o'i suna lallashinta kafin ta yarda ta baro bakin gaɓar.

Sunanta Georgina Challen, amma kowa Sally yake ce mata. Mijin, Richard, mai shekara 61, dillalin motoci ne da ya ajiye aiki. Sun shekara 31 da aure, suna da 'ya'ya maza biyu, James da David. Tun a kan tsaunin ta faɗa da bakinta cewa ita ta kashe shi, kuma ba ta taɓa janye maganar ba. Abin da kotunan Ingila suka ɗauki kusan shekara goma suna juyawa shi ne sunan da ya kamata a raɗa wa abin da ya faru a wannan tebur.

Labarin da aka ba kotun farko

A watan Yunin 2011 aka gurfanar da ita a kotun Guildford. Masu gabatar da ƙara sun zo da labari mai sauƙin haɗiya: mace ce da kishi ya cinye. Hujjoji kuwa ba su rasa ba. Sally tana leƙa wayarsa da wasiƙunsa na intanet, tana ƙirga ƙwayoyin maganin ƙarfin maza da yake ajiyewa don ta san ko ya yi amfani da su a waje. A ranar da abin ya faru, ta dawo daga kanti ta tarar an taɓa wayar gidan, ta danna lambar ƙarshe da aka kira, muryar mace ta amsa. Da ta tambaye shi sai ya ce kada ta tuhume shi. Gudumar ma daga gidanta ta zo da ita. Sannan ga kalmar da ta furta a kan tsauni, cewa in ita ba ta same shi ba to babu wadda za ta same shi. Mutanen da ke taya alƙali yanke hukunci suka same ta da laifin kisan kai da gangan. A dokar Ingila wannan laifi hukuncinsa ɗaya ne, ɗaurin rai da rai, abin da ya rage wa alƙali kawai shi ne ya faɗi mafi ƙarancin shekarun da za a yi kafin a fara duba yiwuwar sakin mutum. Ya ce 22. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 18.

Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan. Kishi kumallon mata, haka aka saba cewa, kuma da zarar an ji mace ta kashe miji, kafin a gama karanta kanun labari an riga an yanke cewa zafin kishi ne. Daɗin wannan bayani shi ne yana rufe bakin tambaya. Ba wanda zai sake cewa: to, me ya mai da mace mai aikin ofis, uwar manyan 'ya'ya, wadda ba ta taɓa shiga hannun hukuma ba, mai ƙirga ƙwayoyi a ɓoye?

Lauyoyinta na lokacin sun dogara ne a kan cewa tana fama da ciwon damuwa wanda ya raunana hankalinta. Halin Richard kuwa da ƙyar aka taɓo shi, kuma wani ɓangare na dalilin daga wajen ita Sally ɗin ne: ba ta son a ɓata sunan mijinta a gaban jama'a. Wanda bai san yadda irin wannan zama yake ba zai ga abin da mamaki, a ce wadda ta kashe mutum ita ce kuma ke tsare masa mutunci. Amma wannan ɗabi'a tana cikin alamomin ciwon.

Abin da ba a faɗa ba

Sally tana 'yar wajen shekara 15 ta haɗu da Richard, shi kuwa ya riga ya haura 20. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai shi, kuma duk abin da ta sani game da yadda ake zaman miji da mata a hannunsa ta koya. Dole a faɗa cewa Richard ba ya raye balle ya kare kansa. Sai dai masu ba da shaida a kan halinsa ba baƙi ba ne, 'ya'yan cikinsa ne, waɗanda ita ce ta mai da su marayu.

Hoton da ya fito daga bakinsu da na dangi da makwabta shi ne na mutumin da ke kushe jikin matarsa a gaban baƙi, yana yi mata gorin ƙiba. Albashinta shi ke tafiya a cefane da hidimar gida, nasa kuɗin kuma na motocin tsere da agoguna. Ba ya son ta yi ƙawaye, ba ya son ta yi magana da mutane in sun fita. Yana neman mata, yana zuwa gidan karuwai, in ta kama shi dumu-dumu sai ya dube ta ya ce ba ta ga komai ba, ƙwaƙwalwarta ce ke taɓuwa. Ya maimaita mata wannan har ta fara shakkar idonta. Daga nan ƙirgar ƙwayoyi da leƙen waya suka samo asali: mace ce ke neman abin da za ta riƙe a hannu ta tabbatar wa kanta cewa ba hauka take ba. Ta kuma shaida wa lauyoyinta na baya cewa a wata tafiya da suka yi Amurka a 1998 ya yi mata fyaɗe don ya hukunta ta, saboda wani abokinsu ya sumbace ta a wajen sallama.

A 2009 ta yi ƙarfin hali ta bar gidan, ta sayi nata, ta shigar da takardun saki. Ta kasa. Bayan shekara arba'in ana gaya mata abin da za ta yi, zaman kanta ya zame mata kamar an cire wa ɗaki ginshiƙi. Ita ce ta koma tana roƙon a yi sulhu. Ya yarda, amma bisa sharuɗɗa a rubuce: in an rabu fam 200,000 kawai za ta samu daga dukiyar da suka tara, ba za ta katse shi ba in yana magana, za ta daina shan taba. Suna cikin shirin sayar da gida su tafi Ostireliya ne ta ji muryar nan a waya.

A wajenmu in an ce mallaka, hankali kan tafi ga mace da aka ce ta shanye miji da asiri. Wannan kuwa mallaka ce ta ido biyu, babu boka babu laya: a raba mutum da danginsa da kuɗinsa da amincewa da hankalinsa, sannu a hankali, har ya zama ba sai an ɗaga masa hannu ba. A 2011 dokar Ingila ba ta da suna ga wannan. Sai a ƙarshen Disambar 2015 sashe na 76 na wata dokar manyan laifuka ya fara aiki, ya mai da juya abokin zama ta hanyar danniya da tursasawa laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. A shekarar ce kuma Najeriya ta sa hannu a dokar VAPP, wato dokar haramta cin zarafin mutane, wadda ita ma ta ambaci cin zarafi na baki da na zuciya, alhali sashe na 55 na kundin Penal Code na Arewa yana nan da izinin da ya ba miji na "gyara" matarsa. Rubuta suna a takarda abu ne daban, samun ɗan sanda ko alƙali ko uwa da za su gane abin in an kawo musu shi ba tare da kumburin fuska ba kuma wani abu ne daban.

Ingila ba ta rasa wuraren taimako ba. Tun 1971 aka buɗe gidan mafaka na farko na matan da ake duka a unguwar Chiswick, akwai ƙungiyoyi irin su Refuge da Women's Aid, akwai layin waya na dare da rana. Amma duk waɗannan ƙofofi sai wadda ta san ana cutar ta take ƙwanƙwasa su. Sally ba ta ɗauki kanta a wannan sahu ba. A ganinta ita ce mai gazawa, da ta rage ƙiba, da ta rage tambaya, da ya so ta.

Cikin gidan yari

An tsare ta a Bronzefield da kuma Send, duka a yankin Surrey. Bronzefield, wanda kamfanin Sodexo ke gudanarwa, shi ne gidan yarin mata mafi girma a Turai. Mata ba su kai kashi biyar cikin ɗari na fursunonin Ingila da Wales ba, kuma wannan ƙarancin shi ne masifarsu: an gina tsarin ne da maza a zuciya, gidajen matan kaɗan ne kuma a warwatse. Wales gaba ɗayanta ba ta da ko ɗaya, don haka uwa daga can sai a kai ta wata ƙasa, nesa da 'ya'yanta. Yawancin matan ba masu kisa ba ne irin Sally. Masu ɗauke kaya a kanti ne da masu ƙananan laifuka, ana yanke musu 'yan watanni, waɗanda sun isa mace ta rasa ɗakin haya da aiki da riƙon 'ya'ya, amma ba su isa a yi mata maganin komai ba. Adadin da ƙungiyar Prison Reform Trust ta daɗe tana ambata shi ne kashi 57 cikin ɗari na matan da ke tsare sun ce an ci zarafinsu a gida.

Gwamnati ta san da wannan tun tuni. Bayan mata shida sun mutu a gidan yarin Styal cikin shekara guda, tsakanin 2002 da 2003, aka ɗora wa Baroness Jean Corston bincike. Rahotonta na 2007 ya zo da shawarwari 43, kuma ƙashin bayansu shi ne a rushe manyan gidajen yarin mata a maye gurbinsu da ƙananan wurare kusa da gida, a ƙarfafa cibiyoyin mata na unguwa inda za a haɗa wa mace taimakon gidan zama da bashi da shaye-shaye da mugun miji a rufi ɗaya. An yaba wa rahoton, aka ajiye babbar shawarar a gefe. An rufe gidan yarin mata na Holloway da ke Landan a 2016, amma matan cikinsa wasu gidajen aka kwashe su. A Satumbar 2019, watanni kaɗan bayan fitar Sally, wata yarinya mai shekara 18 ta haihu ita kaɗai da dare a ɗakinta na Bronzefield, ta danna ƙararrawa ba wanda ya zo, jaririyar ta mutu. A farkon 2021 gwamnati ta sanar da shirin ƙara gurabe 500 a gidajen yarin mata.

Duk da haka, a cikin wannan wuri ne aka fara yi wa Sally tambayar da ba a yi mata a waje ba. Wata 'yar uwarta ta tuntuɓi ƙungiyar Justice for Women, wadda aka kafa a farkon shekarun 1990 domin irin waɗannan shari'o'i, lauya Harriet Wistrich ta fara zuwa wajenta. Ba zama ɗaya ba ne, ba biyu ba. An ɗauki shekaru ana tsintar labarin auren ɗaya bayan ɗaya daga bakin matar da har lokacin take kare mijinta. Sannan wani abu ya faru wanda ba lauya ne ya shirya shi ba: sau biyu tana tsare hankalinta ya tashi sosai, irin tashin da mutum ke rasa barci da linzamin kansa, har sai da aka sa ta a magani. Wannan ya sa likitar ƙwaƙwalwa Gwen Adshead ta duba ta, ta ce tana da larura biyu da ba a gano ba lokacin shari'ar farko: matsalar ɗabi'a, da kuma ciwon sauyin yanayi mai tsanani.

Ƙofar da ta fita

A ƙarshen Fabrairun 2019 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara, ƙarƙashin Mai shari'a Hallett, suka saurari ƙarar. Lauya Clare Wade ce ta tsaya mata, Sally kuma tana kallo ta na'urar bidiyo daga Bronzefield. A waje mata sun cika bakin kotu da kwalaye, David kuwa ya riga ya zagaye gidajen talabijin yana ba da labarin gidan da ya tashi a ciki. An kawo Farfesa Evan Stark daga Amurka, masanin da littafinsa na 2007 ya yaɗa wannan fahimta ta mallaka da danniya. Ranar 28 ga wata kotu ta soke hukuncin.

Jaridu da yawa sun rubuta cewa an sake ta ne saboda an gane mijinta ya mallake ta. Wanda ya karanta hukuncin ya san ba haka alƙalan suka ce ba. Sun faɗa ƙarara cewa danniyar miji ba kariya ba ce daga tuhumar kisan kai, kuma da ita kaɗai aka kawo da ba ta isa ta rushe hukuncin ba. Abin da ya girgiza su shi ne shaidar likita. Danniyar ta samu shiga ne a matsayin yanayin da ciwon ya zauna a ciki. Ba su ma yarda su sauya laifin da kansu ba, sai suka ce a sake shari'a.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk lamarin. Kafin doka ta saurari abin da aka yi wa Sally, sai da aka fara tabbatar da cewa akwai abin da ya lalace a kanta. Kuma ba ita ce farau ba. A 1989 Kiranjit Ahluwalia, 'yar asalin Indiya, ta cinna wa mijinta wuta bayan shekara goma na duka da ƙuna. An yanke mata rai da rai, ƙungiyar Southall Black Sisters ta tsaya mata, aka soke hukuncin a 1992, shi ma bisa rahoton likita cewa tana cikin matsanancin ciwon damuwa. Shekara 27 tsakani, ƙofar dai ita ce. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya duba yadda aka ƙera dokar: kariyar kai da uzurin tsokana an auna su ne da faɗan maza biyu masu ƙarfi ɗaya, wanda zuciya ta ɗebe shi nan take. Macen da ta san ba za ta iya da shi hannu da hannu ba takan jira ya zauna ko ya kwanta, takan ɗauki makami, kuma waɗannan biyun su ne doka ke karantawa a matsayin shiri da ganganci. Ba ina cewa guduma a jaka ba komai ba ce. Rai aka kashe, kuma mutumin yana cin abinci ne, bai ɗaga mata hannu a ranar ba. Amma kotun da ta ga gudumar ta kasa ganin shekara arba'in ɗin rabin shari'a ta yi.

A watan Afrilu aka ba ta beli. Masu gabatar da ƙara suka dage sai an sake tuhumarta da kisan ganganci, har sai da nasu likitan ya duba ta ya dawo da rahoton da ya sa suka sauko. Ranar 7 ga Yuni, 2019, a kotun Old Bailey, aka karɓi amsa laifinta na kisan da raunin hankali ya rage wa nauyi. Mai shari'a Edis ya yanke mata shekara 9 da wata 4, ya ce ta riga ta gama. A ƙa'idar lokacin mai irin wannan hukunci rabi yake yi a ciki, ke nan da tun farko haka aka yanke, da ta fito tun wajen 2015. Ba wanda ya yi maganar ragowar shekarun.

Da ta zauna gaban 'yan jarida a ranar, da ɗanta a gefe, ta ce ta bar mata da yawa a ciki waɗanda ke zaman rai da rai alhali labarinsu irin nata ne. Ta kuma ce har yanzu tana son Richard, tana kewarsa. Mutane da dama ba su ji daɗin wannan magana ba, sun so a ce ta fito a warke.

Bayanta

Waɗanda suka zaci an buɗe hanya sun ga abin da ya biyo baya. Farieissia Martin ta Liverpool ta samu an soke nata hukuncin a 2020, aka karɓi ƙaramin laifi daga baya. Emma-Jayne Magson ta Leicester ita ma an soke nata a 2020, aka sake shari'a a 2021, aka sake samun ta da kisan ganganci. Lokacin da ake tsara babbar dokar cin zarafin cikin gida ta 2021, majalisar dattawan Birtaniya ta amince a saka kariya ta musamman ga wanda cin zarafi ya tura shi ga laifi, majalisar wakilai ta cire. Abin da aka samu shi ne faɗaɗa laifin danniya ya haɗa da ma'auratan da suka riga suka rabu, wanda shi ne halin da Sally ke ciki a shekararta ta ƙarshe da Richard. An kuma ba Clare Wade aikin duba yadda ake yanke hukuncin kisa tsakanin ma'aurata, rahotonta ya fito a 2023.

Akwai sauran zama ɗaya da Sally ta yi da kotu, wanda bai ja hankalin 'yan jarida kamar na baya ba. A dokar Ingila, kamar yadda yake a fiƙihunmu, wanda ya kashe ba ya cin gadon wanda ya kashe, sai dai a can kotu na da ikon ɗage wannan in ba kisan ganganci ba ne. Dukiyar Richard ta riga ta wuce ga 'ya'yan, tare da harajin gado mai nauyi wanda da matar ce ta gada da ba a biya ba. A watan Mayun 2020 wani alƙalin babbar kotu a Bristol, Paul Matthews, ya ɗage mata haramcin. Ya yi gargaɗin cewa kada a ɗauka duk wadda aka zalunta ta kashe za ta samu haka. Amma a cikin hukuncin ya bi halin mamacin ɗaya bayan ɗaya, raini da ƙasƙanci da tsoratarwa da mugunta, ya rubuta cewa ba don wannan mummunan hali na tsawon shekaru ba da matar ba ta kashe shi ba. Alƙalin rabon gado ne ya rubuta wannan, shekara goma ba 'yan watanni bayan ranar Asabar ɗin nan, lokacin Sally tana da shekara 66.